INA YA FI DAƊIN ZAMA A NAJERIYA? JAWABI GA MATASAN SHANONO KAFIN TAFIYA CIN-RANI

Iyayenmu dattawa da ke zaune a gaba, malamanmu, shugabannin matasa na mazaɓu goma na Shanono, da iyaye mata da ke can gefe, barkanku da zuwa, sannunku da aikin kaka.

An ce in yi magana a kan wata gardama da ba ta ƙarewa a majalisa da teburin mai shayi, wato wai a faɗin Najeriya ina ya fi daɗin zama. Lokacin ya dace da maganar, domin an yanke gero, an cire gyaɗa, dawa na gab da shiga rumbu, kuma na san a cikinku akwai waɗanda jakarsu a ɗaure take, mota kawai suke jira. Wani Legas, wani Abuja, wani Fatakwal, wani kuma nan Kano zai tsaya.

Abin da ke sa gardamar ta ƙi ƙarewa shi ne ana haɗa abu biyu a kwano ɗaya. Garin da za ka je ka gani daban, garin da za ka zauna daban. Wanda ya je ziyara, ido ne alƙalinsa: titi, gadar sama, fitilu, dogayen benaye. Wanda zai zauna kuwa, tambayarsa ita ce nawa ya rage a hannuna bayan na biya haya na ci abinci, kuma ran da zazzaɓi ya kwantar da ni wa zai kai ni asibiti. Da wannan ma'auni na biyu nake so mu zagaya ƙasar.

In dai ziyara ce, ai babu doguwar magana. Wanda ya samu hali ya je Jos. Gari ne a kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, a watan Afrilu da muke kwana a waje muna fifita su suna iya kwana a ɗaki. Ya wuce Mangu da Bokkos ya ga yadda ake noman dankalin turawa. Ya je Yankari a Bauchi ya yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. In ƙarfinsa ya kai, ya hau tsaunin Mambilla a Taraba har Gembu, ya ga gonar ganyen shayi da ciyawa kore shar, shanu suna kiwo cikin hazo. Gani ya kori ji. Ni dai ban ga laifin matashin da ya tara kuɗinsa ya je ya buɗe ido ba.

To amma ka ce za ka zauna a Jos ɗin, nan lissafi ya canza. Akwai Hausawan da kakanninsu suka je tun zamanin haƙar kuza, an haifi uba a can, an haifi ɗa a can, amma har yau ana ja da su a kan takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Kuma ba mu manta da rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 ba, wanda ya raba garin unguwa-unguwa. Sanyin garin bai hana wannan ba.

Mu gangara Legas, tunda nan ne zuciyar da yawanku take.

Zuwan Bahaushe kudu ba yau aka fara ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma tun kafin sa fatake na kai shanu suna dawowa da goro. Unguwar Sabo ta Ibadan an kafa ta a 1916. A Agege, Idi-Araba da Obalende akwai gidajen Hausawa da suka yi jikoki da tattaɓa-kunne a can. Saboda haka in ka sauka ba za ka rasa masallacin da za ka yi sallah ba, ba za ka rasa mai tuwo ba, ba za ka rasa ɗan garinku da zai ce zo ka kwana a nan ba. Kuma maganar gaskiya, kuɗi na yawo a Legas fiye da ko'ina a ƙasar nan. Mai dako a kasuwar Mile 12, inda tumatir da albasa da tattasan arewa ke sauka, zai iya kama a rana abin da ba zai kama a mako guda a nan ba cikin rani. Kada wanda ya ce muku ƙarya ne.

Sai dai ku tambayi yayyenku da suka daɗe a can, a ina suke kwana? Mutum nawa ne a ɗaki ɗaya? Nawa ne ke kwana a rumfar kasuwa, ko a barandar shagon da suke gadi, ko a kangon da ba a gama ginawa ba? Ba don suna so ba ne. Hayar ɗaki a Legas ta shekara ake biya gaba ɗaya, ga kuɗin dillali, ga kuɗin rubuta yarjejeniya. Ruwan wanka saye, bayan gida biya. Saboda haka kuɗin da ɗan cin-rani yake turowa gida, yawanci kuɗin ɗakin da bai kama ba ne, da na abincin da ya taƙaita wa kansa. Yana iya jure wannan wata huɗu ko biyar domin ya san zai dawo. Ka ce masa ya ɗauko matarsa da 'ya'ya uku ya zauna, ka ga in lissafin zai fita.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Sana'ar da muke yi a can, doka ɗaya tana iya share ta cikin dare. Daga ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Surulere da Apapa, aka riƙa kama babura ana murƙushe su. Yaro ya sayar da ɗan sa, ko ya jinginar da gonar gado ya sayi babur, rana ɗaya ya wayi gari babu babur babu gona. Wa zai kai wa ƙara? Ba shi da kansila a can, ba shi da ɗan majalisa, katin zaɓensa na Kokiya ne ko Alajawa. Sannan in rigima ta tashi, kamar ta Idi-Araba a 2002, ko ta Mile 12 a 2016, ko ta kasuwar Shasha a Ibadan a 2021, rumfar baƙo ce ke fara cin wuta. Magabata sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Ba zagin mutanen Legas nake ba, a fahimce ni. Akwai Yarbawan da suka riƙe yaranmu amana shekara da shekaru, kamar yadda 'yan kudu suke zaune a Sabon Gari suna kasuwancinsu. Yanayin baƙunci nake faɗa, kuma haka yake a ko'ina.

Gabas da yankin Neja Delta ma akwai nema. Masu kai shanu da albasa Onitsha da Aba da Fatakwal sun san ribar da ke ciki. Amma da aka fara zaman gida na ranar Litinin a kudu maso gabas a watan Agustan 2021, mai neman na yau da gobe ya riƙa rasa kwana guda a kowane mako. Hanyar kuma sai addu'a. Kowa a nan ya ji abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe matafiya 16, mafarauta da suka taso daga Fatakwal za su gida yin sallah, da yawansu 'yan jihar nan ne. Allah Ya jiƙansu. Duk wanda zai auna wancan yanki, ya sa wannan hanya a cikin ma'auninsa.

Abuja ba zan daɗe a kanta ba. Tun da gwamnati ta koma can a watan Disamba 1991 aka tsara ta domin ma'aikaci da mai kuɗi. Talaka aiki yake zuwa yi da safe, da yamma ya fice. Mai gini, mai gadi, mai tura baro, a Mararaba da Masaka ta jihar Nasarawa suke kwana, ko Suleja ta jihar Neja, ko Dei-Dei da Zuba. An hana acaba a tsakiyar birnin tun 2006, rusau kuma ba ya sallama. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023, kuɗin motar shiga da fita kaɗai ya isa ya cinye rabin wahalar mutum. Ka je ka ga Dutsen Zuma da Masallacin Ƙasa, ka ɗauki hoto ka sa a Facebook, ka dawo.

Birnin Kano fa? Nan kam gida ne. Ba mai tambayarka daga ina kake, harshenka ne, addininka ne, in an yi rasuwa a gida ka hau mota ka iske jana'iza. Ga Kantin Kwari, ga Singa, ga Sabon Gari, ga Dawanau inda hatsinmu ke ƙarewa. Wanda ya samu ubangida nagari a kasuwa ya yi haƙuri shekara biyar ko shida, ana iya sallamarsa da jari, kuma mun ga waɗanda suka yi hakan. Ga asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano, ga makarantu. A wajen lafiya da karatu birni ya fi mu nesa ba kusa ba, wannan ba abin musu ba ne. Amma shi ma birnin yana da harajinsa: ruwa sai ɗan garuwa a unguwanni da yawa, haya na hawa duk shekara, ga faɗan daba da ƙwacen waya. Kuma yaron da ya shiga birni ba sana'a ba ubangida, abokan da zai fara samu ba lallai ne na kirki ba. Iyaye sun fi ni sanin abin da nake nufi.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni hankalinku, domin kwatancen da ya fi amfani a gare mu ba da Legas ba ne. Da kudancin jihar Kano ne.

Ku ɗauki Kura, Bunkure da Garun Malam. Hausawa ne kamar mu, manoma ne kamar mu, jiha ɗaya, gwamna ɗaya. Me ya sa in rani ya yi matashin Kura yana gona, namu yana tashar mota? Me ya sa har daga wasu wurare ake zuwa can ƙwadagon dashen shinkafa da tsinkar tumatir? Ba sun fi mu zuciya ba ne. Ruwa ne. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga, aka kammala a 1974, aka ja ruwa ta magudanai zuwa Kadawa da kewaye. Shekara hamsin ke nan mutanen nan suna noma sau biyu, wani ma sau uku a shekara: shinkafa da damina, alkama ko tumatir ko albasa da rani. Daga nan injinan casar shinkafa suka cika Kura, kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ta tashi, mai mota ya samu lodi, mai saƙa kwando ya samu ciniki, mai abinci ta samu masu saye. In ka ƙara gaba zuwa Tudun Wada da Doguwa, damina ta fi tamu tsawo, masara na yi sosai, ƙasa kuma ta fi yalwa.

Mu kuma damina tamu wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, in Allah Ya kawo ta lafiya. Sauran wata takwas ɗin fa? Wannan wata takwas shi ne duk abin da ke tura yaranmu ƙarƙashin gada a Legas. Ba sai mun je Kura ba ma, ga maƙwabtanmu Bagwai da madatsar Watari, ku dubi yadda ƙauyukan da ruwan ya kai gare su suke cikin rani, ku dubi waɗanda bai kai ba.

Kada kuma wani ya raina ƙasarmu. A ƙidayar 2006 an ce mu kimanin mutum 140,000 ne a fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 700, wato kusan mutum 200 a kowace murabba'in kilomita, kuma kun san yanzu mun ƙaru sosai. Akwai wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, da ya koyar a Zariya da Kano. Ya shafe shekaru yana nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, domin abin ya ba masana mamaki: ta yaya mutane masu yawa haka suke noma gona ɗaya kowace shekara, ba a barin ta ta huta, kuma ba ta mutu ba? Amsar da ya samu ita ce abin da iyayenmu ke yi kullum ba tare da sun kira shi ilimi ba. A turke dabba a gida, a kai takinta gona. A haɗa gero da wake a kunya ɗaya. A adana harawa da karmami a ciyar da dabbar da za ta sake ba da taki. A bar gawo da ɗorawa da kuka a tsakiyar gona. Mutanen da suka iya riƙe ƙasa haka da ruwan wata huɗu, me kuke tsammani za su yi in aka ba su ruwan wata goma sha biyu?

Kuma ku lissafa abin da mazaunin Shanono yake da shi wanda ba ya sa wa kuɗi. Ɗakin da yake kwana nasa ne. Hatsin da yake ci daga rumbunsa ne. In matarsa ta haihu akwai mai zama da ita, in ya kwanta ciwo akwai mai yi masa noma, in ya mutu an san inda za a binne shi da wanda zai riƙe 'ya'yansa. Duk waɗannan a Legas kuɗi ne, wasu ma ko da kuɗin ba ka samu.

Amma ba zan tsaya a gabanku in ce komai lafiya ba, domin ku ne a ciki. Gona tana ƙanƙancewa. Abin da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma sha ne suka raba, kowa ya samu ɗan falle. Takin zamani ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Mace mai naƙuda in abin ya zo da gardama, sai an nemi mota zuwa Gwarzo ko Bichi ko Kano, a kan hanyar da kuka sani.

Sai babbar, wadda a da ba ma sa ta a lissafi. Shekarun baya in ana maganar 'yan bindiga, labarin Zamfara ne da Katsina, muna ji a rediyo muna cewa Allah Ya kyauta. A 2025 abin ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Mutanen Faruruwa da ƙauyukan da ke kan iyaka da Katsina, da 'yan uwanmu na Tsanyawa, sun ga abin da suka gani: an kore shanu, an ɗauki mutane, wasu sun bar gidajensu suna kwana a wani wuri. An kawo sojoji, mun gode, muna kuma yi wa waɗanda suka rasa rayukansu addu'a. Amma ku lura da yadda abin ya shafi maganarmu ta yau. Duk fifikon da na ce muna da shi a kan Legas da Abuja ya tsaya ne a kan cewa mutum zai kwana a ɗakinsa da dabbarsa a turke. In aka kore dabba, taki ya tafi, in taki ya tafi gona ta tafi. Sannan ƙauyen da duk majiya ƙarfinsa suka tafi cin-rani, aka bar tsofaffi da mata da yara, wa ya fi shi sauƙin shiga? Rashin ruwan rani da rashin tsaro, igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Saboda haka in kun tambaye ni ra'ayina, ga shi ba ɓoye-ɓoye. Wanda ba shi da abin yi a rani, ba zan ce ya zauna yana hamma a gindin bishiya ba. Ya tafi ya nema, halak ɗinsa ne. Amma ya tafi da ranar dawowa a ransa. Kada ya sayar da gona don ya sayi babur. Kada ya tafi sai ya san wajen wanda zai sauka. Ya riƙe katin shaidarsa na ɗan ƙasa a jikinsa, ya guji tafiyar dare a saman tirela. Abin da ya samu ya mayar da shi tunkiya ko ɗan maraƙi ko injin ban ruwa, kada ya ƙare a waya da takalmi. In kuma zai iya samun ƙwadago a Kura ko Kadawa ko Watari, ni na fi son wannan da Legas ko da kuɗin bai kai ba, domin zai dawo da sana'ar da za ta yi amfani a nan. Wanda ya yi shekara biyar yana gadi a Lekki, in ya dawo me zai gada a Shakogi?

Mu kuma da muke siyasa, a nan aikinmu yake. Masu neman ƙuri'a za su zo, namu da na wasu. Za a kawo atamfa, za a kawo taliya, za a kawo babura. Ku karɓa in an ba ku. Amma ku tambayi kowane ne a cikinsu, daga kansila har sanata, tambayar da mutumin Kura ba ya buƙatar yi: ina ruwan da za mu yi noman rani da shi? Ba sai an gina mana Tiga ba. Ƙananan madatsai a kan rafukan da ke cika da damina su ƙafe da rani, rijiyoyin burtsatse masu sola a fadamu, gyaran hanyar da za a fitar da kaya, da jami'an tsaro da za su zauna dindindin a bakin iyaka ba sai an kai hari a zo ba. In ya ce zai yi, ku ce a wace mazaɓa, a wane rafi, a kasafin wace shekara.

Don kada su ce ba su san wurin ba, ina roƙon shugabannin matasa na Alajawa, Dutsen Bakoshi, Faruruwa, Goron Dutse, Kadamu, Kokiya, Leni, Shakogi, Tsaure da cikin garin Shanono, kowa ya koma ya zauna da masu unguwanni da dattawan manoma. A rubuto kowace fadama da kowane rafi da ke mazaɓar, da watan da ruwansa ke ƙafewa, da adadin magidantan da ke da gona a bakinsa. A rubuto kuma matasa nawa ne suka tafi cin-rani bana daga kowane ƙauye, da inda suka tafi. A kawo kafin taro na gaba, mu haɗa takarda ɗaya, mu kai ƙaramar hukuma, mu ba wakilanmu na majalisar jiha da ta tarayya, mu kuma sa a wannan shafi kowa ya gani.

Masu tafiya, Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya kafin ruwan shuka. Na ga hannu biyu a sama daga baya, bari mu fara da dattijo.